Maganin Tsutsa a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sha maganin tsutsa a gaban surukina ba, kuma da hannuna, ba wanda ya ɗura mini.

Surukin nawa, Alhaji, ɗan kasuwa ne a titin Koudoukou, shi ya ara mini wani filinsa a Kokoro. Da ruwan farko ya sauka na dasa tumatir da yalo, na shuka kuɓewa, na jera gwanda ta jikin katanga. Takina kashin awaki ne da toka, ko ɗigon maganin kanti ban yarda ya taɓa ƙasar nan ba. In tsutsa ta zo, akwai haɗina: ganyen dogon yaro, tafarnuwa da barkono mai yawan gaske, a daka a jiƙa sai ya kwana biyu. (Matata ta hana ajiye shi a gida, wai kaji ma ƙaura suke yi.)

Kwatsam Alhaji ya fara zancen karɓe filin ya gina sito. Wai noma ba feshi wasan yara ne, tsutsa kawai nake kiwo. Raina ya ɓaci, amma suruki ne, sai na roƙe shi ya zo ya gani tukuna. Ya zo kuwa, har da amininsa Malam Isa.

Na zagaya da su ina baza hannu kamar ni na ƙirƙiro tumatir. Ganye shar, ba huda ko ɗaya. Can Alhaji ya hango jarka a gindin gwanda.

"Wannan bidon fa? Ba ka ce ba ka sa magani ba?"

"Baba, ai wannan ba guba ba ne. Ko mutum ya sha, lafiya lau."

Da na yi shiru a nan, da na tafi da mutuncina. Ba wanda ya ce in sha. Ni dai alfahari ya ɗebe ni, na buɗe jarka na kurɓa, ba kaɗan ba.

Jama'a, wuta! Hawaye, majina, tari, duk a lokaci guda. Ni da ko dariya ba na yi da ƙarfi a gaban Alhaji, sai ga ni na yar da hula, na tsallake kunya uku a guje, na dulmiya kai cikin duron ban ruwa. Ina ɗagowa na ga Malam Isa zaune a ƙasa yana riƙe ciki don dariya.

Alhaji ya share idonsa da bakin rawani ya ce mini, "Riƙe filinka. Abin da ya yi wa ƙato haka, wace tsutsa za ta tsaya masa?"

Gonar tana nan, bana ma Alhaji da kansa ya aiko a ba shi gwanda. Haɗina yana aiki, har gobe ina alfahari da shi. Amma yanzu in aka tambaye ni ko yana da lafiya, ganyen nake nunawa, bakina a rufe.