Bawa Ba Ya Gajiya

'Yan moto na hanyar Waca sun ce Bawa ɗan sanda ya zama wuta: ko gaishe shi ka yi, takardunka zai nema. Matarsa Zulai, maƙwabciyata, ta ce tun ranar da ya kwashe gawarwakin haɗarin motar kasuwa da hannunsa barci ya guje shi. Yara in sun ji takunsa sai su ɓuya bayan rumbu. Ta rantse in bai sauya ba za ta kwashe su zuwa gidansu a Dogo-Dogo.

Sai ga albishir. Masu girma, iyayen tausayi, sun kawo taron kula da lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan sanda. Atiliye sunansa da Faransanci. Aka ɗaura ƙyalle, aka yanka rago, aka ɗauko masani daga birni. Manya suka cika kujerun inuwa, Bawa aka bar wa gadin motocinsu a rana.

Da aka gama da ragon, aka jera ƙananan 'yan sanda a gaban shugabanninsu, masani yana bin su.

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya," in ji Bawa, a ƙame.

"Iyali fa?"

"Lafiya lau."

Aka tafa, aka ɗauki hoto. Bincike ya ƙare, kowa garau.

Jama'a, ni da furfura na koyi karatu, ban isa in gyara wa masani ba. Amma a ƙasar nan, mutum ana ƙara masa ruwa a asibiti, ka ce ina gajiya, babu zai ce maka. Balle gaban shef ɗinsa, wato shugabansa.

Da la'asar na ɗauki butar shayina na zauna kusa da shingen da Bawa yake tsaro a bakin hanya. Ya harare ni, na miƙa masa kofi. Ban tambaye shi komai ba. Sai da shayin ya salance ya ce, "Baba Maina, akwai yarinya a motar kasuwar nan. Takalminta irin na Hinda 'yata."

Ya yi ta magana, ni ina fifita gawayi. Ba ƙyalle, ba rago, ko hoto ba wanda ya ɗauke mu, saboda haka a wurin manya ba a yi ba.

Na raka shi gida. Zulai tana ɗaure kayan yara cikin zane. Ya tsaya bakin zaure, ya cire hula.

"Zulai, na gaji. Ki yafe mini."