Rasuwar Waya ta Uku a Ƙirjin Malamin Lissafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da numfashin da ya soma gajarta, malamin lissafi na ajin ƙarshe yana sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da ɗalibai rasuwar waya ta uku ta na'urar daidaita bugun zuciya da aka dasa masa a ƙirji. Ta rasu tana da kwana talatin da bakwai kacal.

Marigayiyar siririya ce, ba ruwanta da hayaniya. Kafin zuwanta ɓangarorin zuciyarsa biyu ba sa jituwa: dama ta matse, hagu ta biyo baya a makare. Matakala goma sai ya huta sau biyu. Likita ta shafe awa uku tana laluben jijiyar da za ta zaunar da ita a bayan ɓangaren hagu, daidai wurin da ya fi makara, domin a cewarta ko faɗin yatsa ta kauce, an yi aikin banza. Tana zama kuwa suka koma bugawa tare. Muryarta ɗaya aka sani, a na'urar asibiti: tit, tit, tit, ba gaggawa ba kasala. Kumburin ƙafa ya sace, takalmi ya shiga.

Sharaɗi ɗaya aka kafa masa: sati shida kada ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa. Malam kuwa bahago ne. Jarrabawa ta matso, ya rantse wa maiɗakinsa cewa zama kawai zai yi a aji. Ranar Talata ɗalibar da ya sa rubutu a allo ta kwafsa tun layin farko, can sama. Ya daure minti guda. Sai ya karɓi allin.

Jinyar kwana huɗu ce. Ƙasan haƙarƙarinsa ya shiga zabura da kowane bugu, hik, hik. Ya ce shaƙuwa ce, ya yi ta ɗirkar ruwa. Maiɗakin ba ta yi gardama ba. Rigar Talata ta ciro daga kwandon wanki ta shimfiɗa a tebur, ga garin alli fari fat tun daga wuyan hannun hagu har kafaɗa.

“Malam, tashi mu tafi.”

Hoton ƙirji ya nuna wayar ta zame, tana zungurar jijiyar numfashi. Nan take likita ta kashe ta. Saura kwana biyar wa'adin ya cika.

Ta bar yayyenta biyu da ke aiki a ɓangaren dama, da akwatin batir ƙarƙashin ƙashin wuya, da ɗalibai arba'in da uku, da mai gida wanda tun jiya takalminsa ya sake ƙin shiga.

Za a zaro gawar gobe Litinin da ƙarfe takwas na safe a ɗakin tiyata. Jijiya ɗaya ta rage da za ta iya karɓar magajiyarta, matsattsiya ce, mai lanƙwasa, kusa da tsohon tabo. Likita ba ta yi alkawari ba. In waya ta ƙi shiga, sai an tsaga ƙirji.

Ba a buƙatar 'yan rakiya. Ɗalibai su zauna a aji su gama shafi na casa'in. Maiɗakin ce za ta karɓi gaisuwa a bencin bakin ƙofa. Hannun hagun dai yana cikin nata, ta danne shi a kan katifar gadon asibiti, kuma ta ce sai a ƙofar tiyata za ta sake shi.