Maigadin Da Na Ɗauka a Ƙarƙashin Gado

Safiyar Litinin ɗin nan ina tsaye a kicin daga ni sai gajeren wando, ina jiran tukunyar kofi ta gama aikinta, sai fitilun motarmu suka yi wani irin haske kamar za a yi mini tiyata. Kafin in ce uffan na ji fat! a tukunyar, na ji tas! a injin ɗumama abinci, talabijin kuma ya haɗiye mai hasashen yanayi yana tsakiyar cewa yau komai lafiya lau. Sai hayaƙi da warin ƙonanniyar roba. Matata Verna ta leƙo daga uwar ɗaki, wato bayan labule, ta ce, "Wendell, me ka taɓa?"

Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, duk abin da ya fashe a duniya, tambayar ke nan.

Mu dai gidanmu mota ce. Tun da na ajiye tuƙin tirela a Dakota ta Arewa muka sayar da gida muka sayi mai tayoyi. Da sanyi ya kunno kai sai mu gangaro Arizona mu kafe a Kwarin Zomaye, sansanin ƙaramar hukuma, mu da sauran tsofaffi masu gudun ƙanƙara. Kowace mota da turken wutarta a gefe, ka jawo kebul ka jona, shi ke nan ka zama ɗan gari.

Turakun nan kuwa ba na wasa ba ne. Bara Mai Girma Sarkin Yankan Kirtani, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya zo da kansa ya buɗe su. An kafa rumfa, an raba lemo, ya ce daga yau Kwarin Zomaye ya shiga sabon ƙarni. Kuma gaskiya an yi aiki, kada in ci haƙƙin mutane. An shafa wa turakun koren fenti mai ɗaukar ido, har zomayen ma sai sun tsaya sun kalla. Wayoyin da ke ciki ne dai ba a dame su ba, saboda girmama tsofaffi.

Na zare kebul ɗinmu, na sa riga, na rungumi gawar tukunyar kofi na nufi ofishin Ranka Ya Daɗe Manaja. Na tarar da shi yana shan nasa kofin, da zafinsa.

"Yallaɓai, turkenku ya cinye mini kaya."

"To, mu dai ba mu samu rahoto ba."

Na ɗora masa tukunyar a tebur. "Ga rahoton nan, har yanzu yana hayaƙi."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce anya ba motar tawa ce ta tsufa ba? Na ce ta tsufa ƙwarai, amma jiya ma tsohuwa ce kuma ta dafa kofi. Ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce za a kafa kwamiti. Ka san kwamiti a wajenmu shi ne makara ta zamani. Abin da aka ɗora a kai, sai dai addu'a.

Da na koma na tarar Verna ta buɗe firij tana tsaye a gabansa. Shi kaɗai ya tsira, ko da yake ya ɗan koyi tari. A cikinsa akwai allurarta ta ciwon sukari, da kuma talo-talon da muka yi alkawarin gasa wa maƙwabta ranar Bikin Godiya.

"Tsoho, saurara da kyau," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Ranar da firij ɗin nan ya bi sahun 'yan'uwansa, ranar za mu sayar da motar nan mu koma Fargo wajen Darlene. Ta ce ɗakin ƙasa yana nan a share."

Darlene 'yarmu ce, ina sonta kamar raina. Amma Fargo, can Dakota, a tsakiyar ƙanƙarar Janairu, a ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, a gidan surukin da ba ya cin nama kuma ba ya gajiya da faɗin dalili?

Maƙwabcina Orval ne ya kawo shawara. Tsohon manomin masara ne daga Nebraska, kunnensa ɗaya ya yi ritaya tun kafin shi, kuma babu abin da bai sani ba a duniya sai inda ya ajiye tabarau.

"Mutumina, maigadi za ka ɗauka," in ji shi.

"Maigadi? Ɓarayi ne suka ƙona mini tukunya?"

"Na wuta, kai! Wani ɗan akwati ne. Shi zai fara ɗanɗana wutar. In ta yi yawa, ko ta yi kaɗan, ko an haɗa waya a karkace, ya rufe ƙofa ya ce ba ta shiga."

"Kai kana da shi?"

"Ni? Me zan yi da shi? Ai turkena lafiyarsa ƙalau."

Na tafi gari na sayo. Iri biyu ne, akwai wanda ake ratayawa a jikin turke, akwai na dasawa a cikin mota. Na zaɓi na dasawa, don na rataye a waje yakan yi ƙafafu da kansa. A kan hanya na tsaya sayen man janareta a gidan mai ɗaya tilo da ke garin, na bi layi a bayan gidaje masu tayoyi kamar unguwa guda ce ta tashi ƙaura. Gidan mai na biyu yana nan tafe, an yi mana alkawarinsa a zaɓe uku.

Washegari da hantsi na fito da sukudireba da filaya da tocila. A motarmu babban kebul yana shigowa ne ta ƙarƙashin gado kafin ya kai akwatin fis, don haka can aikin yake. Verna ta bi ni da tambayoyi kamar mai gadin kan iyaka. Ka zare kebul daga turke? Na zare. Ka kashe janareta? Na kashe. Injin da ke juya wutar batir fa? Shi ma na kashe. Ta ce in sake dubawa, ba ta shirya zaman takaba a cikin sahara ba.

Na ɗaga gado na tokare shi da sandar shara, na shige da kai da kafaɗu. Orval ya zauna a bakin ƙofa yana ba da umarni.

"Yanke kebul ɗin a tsakiya! Za ka ga waya huɗu!"

"Na gani! Baƙa, ja, fara, koriya!"

"Gwaza? Wane gwaza?"

"Koriya na ce!"

"To, kowace ka haɗa ta da 'yar'uwarta. Kada ka yi musu auren dangi daban!"

Aikin ba wuya a baki. Gefe ɗaya na akwatin na wutar da ke shigowa ne, ɗayan na wadda ke fita. Ka feƙe bakin kowace waya, ka cusa a raminta, ka ɗaure da ƙarfi har sai ta ƙi motsi, don waya mai lilo ita ce uwar gobara. Amma wayoyin nan kaurinsu ya kai ɗan yatsa, taurin kansu ya kai na surukina. Ina kokawa da farar, gwiwar hannuna ta bugi sandar shara. Gado ya sauko a hankali ya rufe ni ruf, sai ƙafafu a waje.

"Verna! Orval!"

Ashe Verna ta fita shanya, Orval kuwa kunnen da ya yi ritaya ne ya juyo wajena. Ina ji yana ba ƙafafuna labarin farin da aka yi a Nebraska yana saurayi. Sai da ya kai ƙarshe ya ce, "Kai dai ka iya sauraro, mutumina." Verna ce ta dawo ta ɗaga gadon. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Hoto kawai ta ɗauka ta aika wa Darlene.

Na gama ɗauri, na rufe akwati, na liƙa ɗan allonsa a bango kusa da ƙofa, na fita na jona kebul. Muka tsaya mu uku muna kallo. Ba wuta.

"Ka kashe mana gida," in ji Verna.

"Haƙuri, uwargida," in ji Orval. "Yakan ɗan yi tunani tukuna."

Maigadi ya gama tunaninsa, ya kunna jar fitila, ya nuna a allo cewa farar wayar turken ta saki. Ba zai buɗe ƙofa ba ko da sama da ƙasa za su haɗu. Jama'a, na daɗe a ƙasar nan, wannan ne ma'aikaci na farko da na gani ya duba aikin hukuma ya ce bai yi ba, kuma bai nemi a kafa kwamiti ba.

To, amma ga mu da gaskiya, ba mu da wuta. Na ce bari in nemi wani turken. Na tayar da gida, Verna tana ciki tana riƙe da kwanuka, muka fara zagayen sansani. Kafin mu je turke na uku labari ya bazu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tsofaffi suka fito da sanduna da karnuka suna tare mu, kowa yana cewa a gwada nasa. Na Lupe, wata gwauruwa mai motar da ta fi tamu girma, wutarsa ta yi ƙasa kamar ƙarfin mai azumi. Na gaba an juya masa wayoyi. Na Orval, wanda lafiyarsa ƙalau, Maigadi ko gaisawa bai yi da shi ba.

"Ƙarya yake yi!" in ji Orval. Sannan ya rage murya. "A wane shago ka ce ka saya?"

Turke ɗaya ne kacal ya samu koriyar fitila, wanda ke jikin rumfar taro, tsallaken hanya daga wurinmu na da. Wannan shi ake jona wa lasifikar manya in sun zo jawabi. Kada ku yi mugun zato, sa'a ce kawai. Muka kafe a nan, firij ya daina tari.

Ranar Alhamis sai ga motoci baƙaƙe a jere. Mai Girma ya dawo ƙaddamar da zagaye na biyu na sabon ƙarni. Wani hadiminsa mai kwat da wayoyi biyu a hannu ya zo ya ce mu zare kebul ɗinmu. Ya tarar da Verna zaune a kujerar naɗi a gindin turken, tana saƙa.

"Mama, za mu yi amfani da wurin nan."

"Ɗana, maganina yana cikin firij, ga talo-talon mutanen da kake gani duka. In ka iya ɗaga ni, bismilla."

Ya dubi Verna, ya dubi alluran saƙarta, ya dubi tsofaffin da suka fara taruwa. Yaro mai hankali. Ya ja doguwar waya ya tsallaka hanya ya nufi tsohon turkenmu. Na bi shi, don kada a ce ban faɗa ba.

"Samari, wannan yana cizo."

"Yallaɓai, Mai Girma da kansa ya buɗe shi bara."

To, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Mai Girma ya hau dandamali ya gyara kwala. "Ya ku dattawanmu masu albarka! Bara na yi muku alkawarin wuta mai ƙarfi, kuma a yau ina mai alfahari da cewa..." Sai muryarsa ta sirance ta koma ta ɗan akuya, lasifika ta yi wata kuwwa da ta sa duk karnukan sansani suka amsa, sannan bum! Hayaƙi ya turnuƙe. Manaja ya tsallake kujeru biyu da gudun da ban taɓa zaton yana da shi ba.

Amma a yaba wa gwani. Mai Girma bai tsaya ba. Ya ci gaba da jawabi, baki yana motsi, hannu yana sara iska, ba mai jin ko kalma. Lupe ta share hawayen dariya ta ce ai wuta mai ƙarfi ya yi alkawari, kuma ga ta. Muka tafa masa tafin da bai taɓa samu ba. Orval ya ce shi dai bai ga bambanci da jawabin bara ba.

Kafin la'asar, jama'a, kafin la'asar ɗin ranar, sai ga motar masu gyaran wuta cike da ma'aikata. Ba kwamiti, ba rahoto. Suka buɗe turken, suka ɗaure farar waya, suka canza abin da ya ƙone, suka tattara kayansu. Orval ya bi su yana nuna nasa. Suka ce umarnin da aka ba su na turken da ya yi wa Mai Girma rashin kunya ne kawai.

Mun koma wurinmu. Maigadi ya ɗanɗana, ya yi ɗan tunaninsa, ya buɗe ƙofa. Verna ta kira Darlene ta ce a ci gaba da ajiye kwalaye a ɗakin ƙasa, bana ba mu zuwa. Ni kuwa na fita bayan mota na yi 'yar rawa, gwargwadon abin da ƙugu ya yarda.

Sauran maƙwabta yanzu sun gane hanya. Jiya sun yi taro a gindin turken Lupe, sun yanke shawarar karrama Mai Girma saboda hidimarsa ga tsofaffi. Kowane mako za a ba shi lambar yabo, kuma kowane mako a gindin turke daban za a jona lasifika. Orval ne na farko a layi.

Kai ma mai karatu, in akwai rami a titin ƙofar gidanka, kada ka wahalar da kanka da kai ƙara. Ka gayyaci Mai Girma cin abincin rana, ka kwatanta wa direbansa hanya da kyau.