Launi Biyar a Akwatin Dida

"...da gajiya, amaryata? Yau ma kin tashi da ranki?"

"Na tashi, sai ka yi haƙuri. Ni zan ga bayanka."

Haka autana Tirtho da mahaifiyata Surobala, wadda yake kira Dida, wato Kaka, suke gaisawa kullum a gidanmu na unguwar Shyambazar. Shi shekara ashirin da shida, ita tamanin da ɗoriya, ni kuwa ina tsakiya ina gyaran kifi, kunnena yana shan wahala. Ranar ya shigo da ƙunshin alawar sondesh a hannu ɗaya, a ɗayan kuma ɗan ƙaramin samfurin tiram, jirgin ƙasan nan mai bin titunan cikin gari, da ya yi wata biyar yana haɗawa, tarago biyu, tsawonsa kamu ɗaya, komai ya kammala sai fenti.

Fentin ne ya hana shi sakat. Mahaifina, Bhabatosh, ya shekara talatin da takwas yana fentin tiram a gareji. Ranar Lahadi masu sha'awar tiram na unguwa za su baje ƙananan nasu, Tirtho kuma ya rantse sai ya kai irin na shekarar da kakanninsa suka yi aure, da sunan kakansa a ƙasa. Hoton tiram na wannan shekara da muke da shi baƙi da fari ne. Amma duk gidan mun san cewa duk sanda aka sauya wa tiram launi, Baba kan kawo ragowar fentin gindin gwangwani ya shafe akwatin ƙarfen auren Mama da shi, sabo a kan tsoho. Tun rasuwarsa shekara tara ke nan akwatin yana jingine da bango, ko ni ba ta bari in goge shi.

"Wannan alawar ta mece ce?" in ji Mama. "Tun da aka haife ka ko ashana ba ka taɓa saya min ba."

"Kayan zance ne, Dida. Na zo in sabunta aurenmu."

"Da wannan gwangwanin sadin? Kakanka da tiram na gaske ya zo zance. Ya tsayar da shi a ƙofar gidanmu, fasinjoji suna ciki suna jira har muka gama hira."

"Mai fenti ne fa, ba direba ba."

"Direban tsoronsa yake ji."

"Ko layin dogo babu a lungunku."

"An shimfiɗa da safe, aka naɗe da la'asar. Kai me ka sani, lokacin ko uwarka ba a yi tunaninta ba."

Tirtho ya zauna a gabanta ya ajiye tiram ɗin a kan tabarma. Na san wannan zaman, tun yana yaro in ya yi shi ba ya tashi sai ya samu abin da ya zo nema.

"To mai tiram a ƙofar gida, wane launi ne?"

"Launin tiram."

"Ranar Litinin kin ce kore. Laraba kin ce ruwan madara. Jiya kin ce ba tiram kike kallo ba, shi kike kallo."

"Ta jiya ita ce gaskiya."

"Shi ya sa nake so in ɗan kankare akwatin. Kamar farce ɗaya, a gefe, ba wanda zai gani."

"Kankare kanka tukuna, ko a samu hankali a ƙasa."

"In kin hana, zan shafa masa ja da furanni kamar motar kaya, in rubuta cewa Surobala ce ta ba da shaida."

"Rubuta. Wa zai yarda na auri mai irin hannunka? Miji ga gemu ga digiri, ya zauna yana wasa da motar yara."

"Kishi kike, don na fi zama da shi a kanki."

"Shi ma in yana da ƙafa da ya gudu."

Tana faɗa tana jawo tiram ɗin kusa da idonta. Ta leƙa tagar taragon gaba, ta leƙa ta na baya, sai ta tsuke baki.

"Wa ya ce ka sa fanka a na baya? Na baya na talaka ne, gumi ne fankarsa. A ciki muke zuwa ko'ina, ni da shi. Kana so tsofaffin nan su yi wa sunan mijina dariya?"

"Ashe kin damu."

"Ban damu ba. Ido ne da ni."

Sai Tirtho ya bar wasa, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Dida, ni ban san shi ba sai da hannunsa ya fara rawa. Shuɗin da ke saman akwatin nan ina kallo ya shafa shi, duk ya zuba a ƙasa. Ina so in ga aikinsa na lokacin da hannun yake tsaye. Ba zan sa sunansa a ƙarƙashin launin da na ƙirƙira ba. In ban gani ba, ba zan kai ba."

Na ajiye wuƙa, don maganar ta taɓa ni, ubana ake nufi. Mama ta daɗe tana juya almakashinta na yanka supari, irin goron da muke taunawa, a hannu. Can ta ce da ni, ba ta dube ni ba, "Mrinal, ku janyo shi daga bango. Ku juyo bayansa."

Muka janyo. A bayan akwatin, wajen da bango ke rufewa, akwai wuri kamar tafin hannu da aka riga aka kankare a hankali, hawa-hawa: shuɗi, ruwan ɗorawa, kore, ruwan toka, can ƙasa kuma ruwan madara mai sheƙi, babu ko alamar sawun buroshi. Tsakiyarsa ya yi sumul saboda yawan shafawa da yatsa. Sai a lokacin na gane abin da take yi duk sanda ta ce mu fita za ta share ɗaki. Idona ya cika.

Tirtho ya durƙusa yana kallo.

"Dida, wa ya yi wannan?"

"Ɓera."

"Ɓera mai almakashi?"

"Ɓerayen gidan nan sun fi ka sana'a."

"Shekara tara kina cin amanata da tsohon mijinki a bayan akwati."

Dariya ta ƙwace mata har da tari. Ta sa bakin almakashin ta ɓanɓaro ɗan ɓawo na ruwan madarar, ta naɗe shi a ganyen pan da take taunawa da supari ta sa masa a hannu, sannan ta janye ƙunshin sondesh ɗin gabanta.

"Je ka haɗa daidai da wannan. Ka cire fankar baya. In na ga kuskure ranar Lahadi, a gaban jama'a zan sake ka."

"Za ki zo ke nan?"

"Wa zai hana ni? Ka ajiye min wuri a taragon gaba. Kakanka shekara talatin da takwas yana fentinsa, bai taɓa zaunar da ni a ciki ba."