Yadda Na Yi Kiwon Gansakuka Na Kai Ta Baje Koli

Ba zan taɓa mantawa da ranar baje kolin kimiyya na makarantarmu ba, kuma ko na so in manta, ɗalibai ba za su bar ni ba. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Daura. (Ku riƙe wannan, domin shi ne ya ƙara wa kunyar tawa gishiri.)

Abin ya samo asali ne daga wata ziyara da na kai wa abokina Sanusi a Kano, wanda ke sana'ar kifin ado. A shagonsa na ga wani akwatin gilashi cike da ruwa, ga wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande jajaye suna kiwo a kan wani ganye kamar tumaki a fadama. Nan take hankalina ya tashi. Ban bar shagon ba sai da akwati, da jatan lande goma, da wani guntun itace da aka ɗaure wa dunƙulen ganye mai duhu-duhu da zare.

Sanusi ya ce, "Wannan ganyen gansakuka ce, amma ta kirki, cikinta suke kiwo. Akwai kuma ta banza mai fitowa da kanta ta shaƙe komai. Kada ka sa akwatin a rana, kada ka cika ba su abinci, ka riƙa rage ruwan kana ƙara sabo duk mako."

Na ce, "Haba Sanusi, malamin kimiyya kake wa karatu?"

Gaskiyar magana, ban ji rabin abin da ya faɗa ba, na shagala da raɗa wa dabbobina suna. Kafin mu wuce Kazaure har na samu Jan Gwarzo, da Amarya, da wani mai yawan ɓuya da na sa wa Ɗan Majalisa.

Da na iso gida sai jinin noma ya motsa. Ni jikan manoman Zango ne, kuma ban taɓa ganin shukar da ta ƙi rana ba. Na ɗora akwatin a bakin taga, inda ranar Daura ke dukansa tun hantsi har la'asar. Abinci kuwa, duk wucewar da zan yi sai na barbaɗa musu, wai kada a ce baƙi sun kwana da yunwa a gidana.

Cikin mako biyu sai ga ikon Allah! Wani kore shar, mai laushi kamar gashin jariri, ya fara toho a jikin itacen, ya bi gilashi, ya bi duwatsu. Na yi tsalle, na yi kabbara, na ɗauki hoto na tura wa duk wanda ke cikin wayata, har da mai gyaran babur ɗina. Shi kuwa tsohon dunƙulen mai duhu, da na ga bai da fara'a, sai na yanke masa hukunci cewa shi ne na banzan. Na samo tsohon buroshin haƙori da tsinke, na zauna na tsince shi tas, na watsar a kwata.

Matata Balaraba ta leƙo ta ce, "Baban Ummi, wannan abin fa kamar wanda nake kankarewa a gindin randa."

Na ce, "Ke dai ki tsaya a randarki. Wannan daga ƙasashen Asiya aka kawo shi."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma kicin tana wata 'yar dariya da ban so ba.

Ana haka shugaban makarantarmu ya sanar da baje koli, ya kuma raɗa min cewa ana neman wanda za a ba shugabancin sashen kimiyya, don haka in nuna bajinta. Ai kuwa ranar na sha shadda sabuwa, na kafa hula, na rungumo akwatin a Keke Napep kamar mai kai amarya, ina yi wa direba faɗa a kan kowane rami.

Teburina ne ya fi tara jama'a. Da manyan baƙi suka ƙaraso, aka miƙo min makirfo. A cikinsu akwai shugaban ƙungiyar iyaye, Alhaji Mati, dattijo mai fataucin shanu a kasuwar Mai'adua, da wata baƙuwa mai farin tabarau da aka gabatar da ita da Dakta Rabi. (Ban tsaya jin Daktar mece ce ba. Kun ga halin nawa ke nan.)

Na gyara murya na ce, "Jama'a, gansakuka iri biyu ce. Akwai ta kirki, akwai ta banza. Wanda bai yi karatu ba, ba zai iya bambance su ba. Wannan da kuke gani, ita ce ta kirki, kuma da hannuna na rene ta."

Aka tafa. Ni ma na ɗan taya su.

Alhaji Mati ya sunkuya ya ƙura wa gilashin ido, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da tambayar jahili. Wannan ba ita ce ke fitowa a kwamin da shanuna ke shan ruwa ba?"

Aka ɗan yi dariya. Na yi murmushin masu ilimi na ce, "Ranka ya daɗe, kama da wane ba wane ba ne. Taku ta ƙauye ce, wannan kuwa sai da ta hau jirgi."

Sai Dakta Rabi ta ce, "Malam, ko zan iya taɓawa?" Ta tsoma bironta ta murɗa, abin ya nannaɗo kamar taliya. Ta ɗaga ta duba, ta ce, "Alhaji ya fi ka gaskiya. Wannan ita ce ta banzan, rana da yawan abinci ke kawo ta. Tsirran ruwa na karanta, shi ya sa na gane. Ita ta kirkin tana da 'yan ƙananan ganye, kuma ta fi wannan duhu. Ba a ba ka ita ba?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage, da na shige har da hular. Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya na ce, "Ranki ya daɗe, an ba ni. Na tsince ta na zubar a kwata."

Na manta makirfo na bakina.

Lasifika huɗu suka ɗauki "na zubar a kwata" suka kai har bakin titi. Filin ya ɓarke. Ɗalibai na faɗuwa kan juna, malamai na toshe baki da hula, shugaban makaranta ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Alhaji Mati ya share hawaye da bakin rawaninsa ya ce, "Kada ka damu, Malam. In dai wannan kake so, ina da ita kwami uku, ba sai ta hau jirgi ba."

Dakta Rabi, Allah ya saka mata, ta ja ni gefe ta ce in janye akwatin daga rana, in lulluɓe shi da zane kwana uku, in rage abinci, in canza wani ɓangare na ruwan. Na bi maganarta kamar karatun allo. Jatan landen duk sun rayu, sai ma ƙiba da suka yi. Na kira Sanusi in roƙi wani dunƙulen, ashe labari ya riga ni isa Kano, ya yi minti biyar yana dariya kafin ya iya amsa sallamata.

Shugabancin sashe dai wata malama aka ba, kuma ta cancanta. Ni abin da na samu sarauta ce: har yau in na shiga aji sai wani daga baya ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Gansakuka!" Ni kuma in ɗaga hannu in amsa, don wanda ya ƙi amsa sunan tsokana shi ake liƙa wa biyu.

Darasin da na koya shi ne, ba duk abin da ya yi kore a hannunka ne albarka ba, wani sakacinka ne ya yi yabanya. Sannan in za ka amsa laifi, ɗan'uwa, ka fara duba abin da ke gaban bakinka.