Rasuwar Firintar da Ta Raba Ankon Hannatu Gida Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi kama da haushi, Malam Abdurra'uf Dogo, malamin lissafi a Gumel, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Maigatari da Gagarawa da Ɗanzomo rasuwar firintarsa mai buga hoto da launi. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Maris na 1999, a kan teburin falo, da rabin takarda a bakinta. Shekararta biyu a gidan.

A Kano aka sayo marigayiya, tare da kwamfuta da sikana mai ɗaukar hoto. Malam ya rungumo ta a cinya har Gumel, ko kwandasta bai yarda ya taɓa ta ba. Ya sa aka ɗinka mata mayafi, abin da keken ɗinkin matar gidan bai taɓa samu ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da natsuwa. Hoto ɗaya takan yi minti ashirin a kansa, tana ƙiii, ƙarrr, ƙiii, ta tsaya ta numfasa, ta ci gaba. Ba ta da kwaɗayi, tawada kaɗai take sha, sai dai ba ta ƙoshi. Babbar baiwarta kuwa ita ce tsayawa a kan ra'ayinta. Allon kwamfuta ya nuna sararin sama shuɗi, ita ta ce ruwan toka ne. Ya nuna fuskar mutum garau, ita ta fito da shi kore shar kamar ya kwana cikin miyar kuka. Ita ce ta mayar da ragon layyar Malam ruwan hoda, ya kuma liƙa hoton a bango ba kunya.

Malam ya yi iya yinsa ya daidaita ta da allo, ta ƙi. Sai ya sasanta su yadda ake sasanta mai gaskiya da mai taurin kai: mai gaskiyar aka ba haƙuri. Akwai 'yan maɓallai a ƙasan allon. Da zarar takarda ta fito sai ya kara ta kusa, ya yi ta murɗa su har allon ya koma launin takardar, sannan ya tafa hannu ya ce sun daidaita. Malam Jethro, ma'aikacin sakatariya da ya ɗan san kan injin, ya taɓa ce masa, “Malam Dogo, ba allon za ka duba ba. Ɗauki abin da ka yi wa hoton, ka fita rana, ka kara shi da takardar.” Malam ya yi murmushi, ya ce a bar wa mai lissafi lissafinsa.

Aikin da za a daɗe ana tuna marigayiya da shi shi ne bikin Hannatu, 'ya ɗaya tilo a gidan. Uwarta, Hajiya Ummukulsum, ta shekara ashirin da ɗoriya tana yi wa 'ya'yan mutane anko, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Burinta bai wuce ranar nan ta juya ta ga danginta kaf cikin zane ɗaya, a ɗauke su hoto ba. Ta zaɓi atamfa ruwan goro mai zanen ganye. Ta ɗauko almakashi za ta yanki ƙyalle uku, a kai wa kowane gari nasa, yadda iyaye da kakanni suke yi.

“Haba Hajiya,” in ji Malam, “a gidan da ke da kwamfuta za a yanka sabon zane? Ajiye almakashin nan.”

Ta ce, “Malam, ƙyalle dai ba ya ƙarya.” Ta ajiye.

Ya ɗora atamfar a sikana, washegari aka kai ta wurin tela. Takarda ta farko da firinta ta buga ta fito ruwan hanta. Malam ya murɗa allo, suka daidaita, ya sa a ambulan sai Maigatari. Kafin ta biyu tawadar rawaya ta ƙare, ta fito ruwan hoda. Ya murɗa, suka daidaita, sai Gagarawa. Ya ɗura tawada da sirinji, ja ta toshe, ta uku ta fito ruwan ɗorawa, sai Ɗanzomo. Ko sau ɗaya bai taka zuwa shagon tela ya kara takarda da atamfar ba, ga shi nan bayan layi. Masu atamfa kuwa, da yake zanen launi-launi yake zuwa, kowace mace ta nuna takardarta sai su zaro mata daidai da ita.

Ranar yini matan Gumel, waɗanda suka ga zanen da idonsu, suka fito ruwan goro. Motoci suka fara sauke baƙi. Wayyo! Kowace tawaga da nata launin, kowace da takarda a jaka, tana rantsuwa nata ne na gaskiya. Dangin ango suka shigo cikin shuɗi ɗaya tas, suna ƙunshe dariya da bakin mayafi. Iya Sabuwa, yayar Hajiya ta Ɗanzomo, ta tsaya tsakar gida ta riƙe haɓa.

“Ke Ummukulsum, biki kika kira mu ko taron jam'iyyu?”

Da mai hoto ya zo, Hajiya ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Hoton yana nan, mata hamsin da amarya, babu uwar amarya a ciki. Tun ranar, tsakaninta da Malam sai “ga abinci”.

Jinyar marigayiya ba ta yi tsawo ba. Ta fara da ƙyafta jar fitila, ta koma cin takarda, ta rufe da wani ƙarrr guda ɗaya. Malam Jethro da ya buɗe cikinta ya tarar da abin da ya yi kama da kunun gyaɗa. Malam Dogo bai zargi kowa ba, don bai ga fuskar tambaya a wurin Hajiya ba.

Ta rasu ta bar allon kwamfuta, wanda aka murɗa har shi ma ya manta launinsa, da sikana, wadda ita dai ta faɗi gaskiya ba a saurare ta ba, da sirinji ɗaya, da rago ruwan hoda a bango. Ta kuma bar Malam da tabon tawada a farin kaftaninsa da kunyar da ba ta wankuwa.

Za a fitar da ita ranar Alhamis da la'asar, daga gidan Malam zuwa hannun Ɗantala mai sayen gwangwani, wanda ya ce sai ya ɗora ta a sikeli tukuna. Ba a buƙatar kuka, ba a kuma sa ran za a yi. Masu zuwa gaisuwa ana roƙonsu su sa fararen kaya, domin fari ne kaɗai launin da marigayiya ba ta taɓa kuskurewa ba, shi ma da takardar ya zo.

Malam ya so ya rubuta wa garuruwan uku wannan bayani da hannunsa. Hajiya ta ce ya huta. Ta riga ta yanki ƙyalle uku na farin yadi ta aika.