An Hana Ni Caca a Kan Doki Mai Rai

Da hannu ɗaya nake rubuta muku wannan, ɗayan yana dafe da ƙuguna. Baro goma sha ɗaya na kashin doki na kwashe yau da safe, kuma doka ce ta jawo mini.

Ni da maƙwabcina Orval Tackett muna da al'ada. Duk shekara a sukuwar bikin manoma kowa zai zaɓi dokinsa, wanda ya faɗi ya share wa ɗan'uwansa barga wata guda. Shekara shida a jere ni ke riƙe da shebur. Bana kuwa na shirya. Wata uku ina leƙen wata goɗiya mai farar ƙafa ta bayan shinge, na tabbata ba ta da na biyu a Kentucky.

Ran Asabar mun miƙa hannu za mu ƙulla ke nan, sai ga wani jami'i da takarda a allo.

"Dattawa, ku saki hannun nan. Sabuwar doka ta hana caca a kan doki sai a gaban na'ura mai lasisi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi a ciki. Kashi ne."

Ya buɗe shafi, ya bi layi da yatsa. "Duk wani abu mai daraja. Taki ne ai, ana sayarwa."

Allah ya ƙara wa Masu Girma Iyayen Kwamitin da suka kafa dokar nan basira. Ramin da ke hanyar gidana ya shekara huɗu yana cin tayoyi ba su gan shi ba, amma sun zauna sun gano darajar abin da ke fitowa daga bayan doki.

Na'urar tana wani zaure mai sanyi kusa da fili. Ba ta nuna sukuwar yau. Tsofaffin sukuwa take nunawa, na shekara talatin baya, an ɓoye sunayen dawakin an bar lamba. Wato dokin da ke numfashi a gabanka haramun ne, wanda ya mutu tun ina da gashi a ka shi ne halal.

Orval ya ce, "To, Lonnie, mu ƙulla a nan. Ko ƙugun ya tsorata?"

"Ƙugun kakanka, tsoho. Ƙulla!"

Muka saka dala biyu. Dawaki suka fito a allo ana zagayawa da su. Na zaɓi lamba uku saboda ƙirjinsa. Orval bai dubi ƙirjin kowa ba. Ya sa tabarau, ya sunkuya har hancinsa na taɓa gilashi, yana kallon ƙafafu.

A nan ne na gane kuskurena. Na manta shekara arba'in mutumin nan ya yi yana buga wa dawakin yankinmu takalmin ƙarfe.

Ya ce, "Allah sarki, ga Biskit! Dubi yadda yake jefa ƙafar hagu. Ni na yi masa takalmin nan da safiyar ranar. Lamba bakwai."

"Orval, ka san wanda ya ci?"

"Na sani mana. A bikin nasararsa ne na haɗu da Nadine." Matarsa ke nan.

Na ruga wajen jami'in na ce magudi ne. Ya duba takarda ya ce doka ta hana sanin sunan doki, ba ta ce komai a kan ƙafa ba.

Biskit ya ci, kamar yadda ya ci shekara talatin da suka wuce. Marigayin ko haki bai yi ba. Muna fitowa muka ji fili ya kaure da ihu: goɗiyata mai farar ƙafa ta shigo ta ɗaya, ta ba na biyu tazarar tsawon mota uku. Orval ya dafa kafaɗata ya ce lallai na iya zaɓen doki, in zo da safiyar Litinin, shebur na bayan ƙofa.

Matata Wanda ta ce in gode wa hukuma, ta raba ni da caca. Gaskiyarta. Abin da aka san ƙarshensa ai ba caca ba ne.

Saura kwana ashirin da shida. In Mai Girma Sarkin Sa Hannu, wanda ya rattaba wa dokar hannu, yana son ganin abu mai daraja, ya biyo ta bargar Orval. Na tara masa tsibi guda, ba sai da lasisi ba.